Zauren Malam: Fitilar da Ba Ta Cin Batir

 A watan jiya na yi alkawari za mu ƙarasa zancen ajiyar hatsi a rumbu. Ku yi mini gafara, wani abu ya faru a unguwarmu wanda ya sa na ture wannan magana zuwa gaba. Wake da masara za su jira mu.

Ana sauran mako biyu Kirsimati, yaran makarantarmu suna koyon waƙa a majami'a da yamma. Ran nan aka tashi a makare, rana ta riga ta faɗi, ga hazo ya sauko. Wani yaro ɗan ajina, mai shekara 13, ya hau keken babansa zai koma gida nan cikin Magajin Gari, tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba. Hawansa kwalta ke da wuya sai wani mai babur ya zo ta baya ya kwashe shi. Mun gode wa Allah da ya tsare ransa, amma hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Bai yi waƙar Kirsimati ba, yanzu ma da hagu ya ke koyon rubutu kamar ɗan aji ɗaya. Mai babur bai gudu ba, shi ne ma ya kai shi asibiti, yana ta rantsuwa bai ga kome ba sai da ya ji ƙara. Na gaskata shi. Baƙin wando, baƙar rigar sanyi, baƙin keke, cikin hazo, ba ko ɗigon haske a jikinsa, wa zai gan shi?

Da na je gaishe su na tarar da keken a jingine a zaure, ƙafar baya ta lanƙwashe. Ina dubawa sai na ga dainamo maƙale a ƙafar gaba, ya yi tsatsa, ga fitila a kan keken, ga kuma 'yar ja ta baya, ƙura ta rufe su duka. Na ce wa mahaifin yaron, "Maigida, ashe keken nan yana da fitila?" Ya ce, "Haba Malam, ai wannan ta mutu tun kafin a haifi yaron nan. Ado ce kawai." Na roƙe shi ya ba ni aron keken in mai gyara ya miƙe ƙafar. Ran Asabar na zauna da sifana da 'yar wuƙa. Na kankare tsatsa, na sāke waya ɗaya da ɓera ya ci, na sa ƙwai gaba da baya waɗanda wani tsohon mai gyaran keke ya tono mini daga gindin gwangwaninsa. Na ɗaga ƙafar gaba na juya, sai ga haske a bango. Aikin duka bai kai rabin awa ba. Da na mayar masa da keken na juya taya a gabansa, bawan Allah ya daɗe yana kallon hasken nan bai ce kome ba. Ni ma ban ce ba, gama nawa keken a lokacin da tocila na ke tafiya, ita ma rabin kwanakin wata ba ta da batir.

Wanda bai zauna Birnin Gwari ba zai ce, wa ke zancen keke a wannan zamani? To, mu nan mun koma kansa ba don muna so ba. A ƙarshen Satumba 2021, sa'ad da ta'asar 'yan bindiga ta yi tsanani, gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur, ta sa aka rufe layukan waya a waɗansu sassa, ta kuma hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi da dama, har da tamu. A makon nan aka shiga ɗakunan ajiya aka sauko da kekunan da suka yi shekara goma a rataye. Daga baya babura suka dawo, amma a Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Malamin makaranta da mai bishara da ƙaramin manomi suka sāke duban keke da idon rahama. Sai dai keke ya dawo, fitilarsa ba ta dawo tare da shi ba.

Marigayi mahaifina mai bishara ne, ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka a kan baƙin Raleigh. Muna yara, in mun ji wani ɗan kuka siriri kamar na sauro daga nesa, sa'an nan muka hango haske yana rawa a kan hanya, mun san Baba ya dawo, sai Mama ta ɗora tuwo a wuta. Yakan ba mu labari cewa a zamanin samartakarsa, lokacin En'e, ɗan doka ba ya barin mai keke ya wuce da dare ba fitila. Ko ka sauka ka tura, ko gobe ka yi bayani a gaban alkali. Yau ba mai tsayad da kowa, mu kuwa mun ɗauki rashin mai tambaya ya zama izini.

Na sani za a ce ai ga tocila mai caji, ga ta goshi, ga fitilar waya. Ina ganinsu kullum. Wani ya cije wayarsa a baki yana tuƙi, wani ya riƙe tocila da hannu ɗaya, kan keke da birki da hannu ɗaya. Duk waɗannan gaba su ke haskawa, alhali kuwa wanda ya kaɗe yaron nan ta baya ya zo. Sa'an nan tocila tana da ƙafa. Uwargida ta ɗauka ta shiga madafa, yaro ya ɗauka ya yi karatu, baƙo ya ɗauka ya zaga bayan gida, ranar da ka ke bukata ko ba ta nan ko cajin ya ƙare, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Babban kirkin dainamo a wurina shi ne ba a iya aronsa. Yana ɗaure a jikin keke da noti, ba ya amfanar kowa a cikin ɗaki, saboda haka duk lokacin da ka hau kana tare da shi. Ba a saya masa batir, ba a kai shi shagon caji. Abincinsa ƙafarka.

Kwanan baya muna nazarin misalin budurwai goma na Matiyu sura 25 a makarantar Lahadi, inda mai ya ƙare wa biyar daga cikinsu. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da sun sayi irin ta keken nan da ka gyara, ai da ba su sha wahala ba." Na ce mata ba can misalin ya dosa ba, amma a zuciyata na ba ta maki.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin 'yar kwalbar ƙarfen nan, gama wanda ya san cikin abu ba ya saurin cewa ya mutu. Abu biyu ne kawai: maganaɗisu, da siririyar wayar jan ƙarfe wadda aka naɗa sau da yawa. A bisa kan kwalbar akwai ɗan gargare mai haƙora da ke jingina a gefen taya. Taya ta juya gargare, gargare ya juya maganaɗisu, maganaɗisu kuwa in yana juyawa kusa da naɗaɗɗiyar waya, sai wuta ta gudana a cikin wayar. Shi ke nan. Wanda ya gano wannan asiri a shekara ta 1831 wani mutumin Ingila ne, Michael Faraday, ɗan maƙeri wanda bai yi zurfi a makaranta ba, ya fara da koyon ɗinkin littattafai, kuma ya yi hidimar dattijo a wata ƙaramar ekklesiya a London. Ina son gaya wa yara wannan, musamman 'ya'yan masu sana'ar hannu.

Da wannan dabara ce a ke samun wutar da ke zuwa gidajenmu, ran da ta ga dama. A madatsar Shiroro da ke kan kogin Kaduna a Jihar Neja, wadda aka buɗe a 1990, ruwa ne ke yin aikin da ƙafarka ke yi. An gina ta domin ta ba da megawat 600, dainamon keke kuwa wat 3 ya ke bayarwa. Na ba 'yan aji shida lissafin, suka samo keke miliyan 200. Watau sai kusan kowane mutum a Nijeriya, har da jarirai da tsofaffi, ya hau nasa yana ta feda kafin a kamo Shiroro.

A jikin kwalbar za ka ga an rubuta 6V 3W. Harafin V yana nufin bolt, ma'aunin ƙarfin turin wutar, W kuwa wat, ma'aunin aikin da ta ke yi. A tsohon tsari ƙwan gaba yana shan wat 2.4, na baya 0.6. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Dainamo bai san rabon kowa ba, abin da ya samu shi ya ke turawa. In ƙwan gaba ya ƙone, wutar duka ta afka wa ɗan ƙaramin na baya, nan da nan ya bi shi. In na baya ne ya mutu aka ƙyale, na gaba yana shan fiye da rabonsa, kwanansa ya ragu, balle ma in ka sako gangara da gudu. Sai maigida ya sayi ƙwai sau biyu sau uku suna ƙonewa, ya ce dainamon ne ya lalace, ya bar shi. Saboda haka a riƙa duba su biyu tare.

Cutar da ta fi kashe fitilun nan kuwa ita ce tsatsa. Wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar dawowa. Tsofaffin dainamo waya ɗaya a ke ja musu zuwa fitila, komowar wutar kuwa ta jikin ƙarfen keken ne. Shi ya sa a kan maɗaurin za ka ga wata 'yar kusa mai tsini, aikinta ta huda fenti ta taɓa ƙarfe. In damina uku ta bi ta kanta, tsatsa ta shiga tsakani, hanya ta toshe, ko da ya ke kwalbar lafiyarta lau. Wannan ne ya sami keken maƙwabcina shekara goma sha. Ka kwance kusar, ka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ka yi haka kuma inda fitila ke zaune a gaba da baya, ka ɗaure, ka shafa ɗan giris a kai. Wanda ya ke so ya huta gaba ɗaya sai ya ja waya ta biyu daga jikin dainamo zuwa jikin kowace fitila, kada ya dogara ga ƙarfen keken.

Sai zaman kwalbar. Ka ɗauki tsinke ka miƙa shi daga kan gargaren ya bi tsawon kwalbar. Ya kamata ya nufi cibiyar ƙafar keken daidai, inda sifok suka taru. In ya kauce, gargaren yana gurzar taya a karkace, shi ne ke kawo kuka mai yawa, da nauyi a ƙafa, da cin gefen taya, abin da ya sa iyayenmu mata su kan ce fitila tana cinye taya. In an ɗage shi, tsakaninsa da taya kada ya fi kaurin ƙaramin yatsa. Kuma a ɗaure noti tamau, gama dainamon da ya saki ya faɗa cikin sifok yana iya tsayad da ƙafar gaba farat ɗaya, mai keke ya tashi ta kan ƙaho. Ita fitilar gaba a sunkuyar da ita hasken ya sauka ƙasa wajen mita 10 a gabanka. Ba idon mai tahowa ka ke nema ba, rami ka ke nema.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Yana ƙara nauyi kaɗan, kamar ka ɗauki ɗan yaro a kariya, ko da ya ke in ya zauna daidai ba ka cika ji ba. Da damina, in taya ta jiƙe da laka, gargaren yakan zame, haske ya riƙa ƙiftawa. In kana hawan tudu ko ka shiga yashi, haske ya yi ja ya dushe. Mafi muni, da ka tsaya ya mutu, a mararraba kuwa, inda ka ke jira mota ta wuce, nan ne ka fi bukatar a gan ka.

Yawancin waɗannan an yi maganinsu. Ƙwai na zamani da a ke kira LED, irin na cikin tocila mai caji, yana ba da haske ninkin na dā da wat ukun nan dai, yana kamawa tun kana tafiya a hankali, kuma fitilar kirki da aka yi domin dainamo tana da abin da ke tsare ta daga ƙonewa a gangara. Waɗansu ma suna da ɗan ma'ajin wuta a ciki wanda ke cika kana tafiya, in ka tsaya su ci gaba da haske na 'yan mintoci. Akwai kuma dainamon da ba ya taɓa taya sam, a cikin cibiyar ƙafar gaba a ke gina shi. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham a Ingila, wanda ke ƙarƙashin Raleigh a lokacin, ya fito da shi tun cikin shekarun 1930 da sunan Dynohub, yau kuma Shimano na Japan da waɗansu suna yin irinsa. Ba kuka, ba zamewa cikin ruwa, nauyinsa a ƙafa kaɗan ne ƙwarai. A Jamus, har zuwa 2013, doka ce kusan kowane keken da zai hau titi ya kasance da dainamo. Ga amfanin wannan labari gare mu: da yawa daga cikin kekunan gwanjo da a ke kawowa daga Turai da Japan suna zuwa da shi a jikinsu. In za ka sayi keke a Kaduna ko Kano, ka duba cibiyar ƙafar gaba. In ka gan ta mai kauri kamar ƙaramin gwangwanin madara, da ɗan wurin soka waya a gefe, to ka yi tsintuwa. Na ga mutum biyu a garin nan suna hawan irinsa da tocila a baki, ba su san abin da su ke ɗauke da shi ba.

Yanzu in amsa wasiƙar wani ɗan'uwa daga Wusasa wadda ta yi wata biyu a aljihuna. Ya sayi keken lantarki a Kano, irin mai batir da a ke caji, yana kuma da tsohon dainamo da fitilarsa. Tambayarsa ta fari, ko zai iya maƙala su a sabon keken. Ɗan'uwa, za ka iya, muddin ka bar su a gidansu dabam, dainamo da fitilarsa da wayarsu, ba abin da ya haɗa su da batir. Ni ma shawarar da zan ba ka ke nan. Fitilar da ta zo da keken daga batir ta ke sha, ranar da caji ya ƙare maka a hanya kana iya rasa inji da fitila lokaci guda, ka koma tuƙa keke mai nauyi cikin duhu. Dainamo bai damu da wanda ke juya taya ba, ko inji ko ƙafa. Sai dai ka lura da abu biyu. Keken lantarki yana riƙe gudun kilomita 25 a awa ko fiye, na tsawon lokaci, tsohon ƙwai mai zare ba zai jure ba, sai ka nemi LED. Kuma in tayarka irin mai kauri ce mai ƙuraje har gefe, gargaren ba zai sami wurin zama ba, sai dai na cikin cibiya, shi ma in injin keken yana ƙafar baya ne. In a ƙafar gaba ya ke, ya riga ya cinye wurin.

Tambaya ta biyu, ko zai jona fitilar dainamo kai tsaye a batirin keken. A'a, kada ka kuskura. Batirin irin kekunan nan bolt 36 ne ko 48, fitilarka kuwa 6 aka yi ta ta sha. Kafin ka ɗauke hannu ta ƙone, in ba a yi sa'a ba wayar ma ta narke, batirin nan kuwa ba ya wasa da wuta. Bayan wannan, wutar dainamo kaiwa da komowa ta ke yi, ta batir kuwa gefe ɗaya ta ke gudu, akwai fitilun dainamo da ba su karɓar ta batir ko da an rage ƙarfinta. In daga batir ka ke so, ka sayi fitilar da aka rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar ƙarfin batirinka, ka ba wanda ya san aikin ya jona.

Ta uku ita ce ta ba ni dariya, gama ni ma na taɓa yin wannan mafarki. Yana so dainamo ya riƙa cika batir yana tafiya, ya rabu da caji har abada. Zo mu yi lissafi. Batir mai bolt 36 wanda aka rubuta 10Ah a jikinsa yana ɗauke da abin da zai ba da wat 360 na awa guda. Dainamo wat 3 ya ke bayarwa. Awa 120 ke nan, kwana biyar dare da rana ba sauka. Sa'an nan wa ke juya dainamon? Inji. Ina inji ya ke samun ƙarfi? Daga batirin nan. Ka ɗebi ruwa a randa ka zuba a randa, rabi kuma ya zube a hanya. Abin da dainamo zai iya cikawa shi ne waya, in an sa ɗan abin da ke daidaita wutar a tsakani. Kamfanin Nokia ya taɓa fito da irin wannan a Kenya a 2010. Ƙaramar waya mai maɓalli tana cika cikin tafiyar wajen awa biyu, babbar mai shafawa kuwa sai ka wuni a kan keke. Da rana a ke yin wannan, da dare wutar ta fitila ce. Kuma ɗan'uwa, kada ka manta kekenka ba ya ƙara. Babur tun daga nesa a ke jinsa, kai kuwa sai dai a gan ka.

Akwai wata magana da ta fi waɗannan nauyi, ba kuwa zan tsallake ta ba. Da na kawo zancen nan a taron dattawa, wani tsoho ya dube ni ya ce, "Malam, kana koya wa yara su kunna fitila, mu kuwa shekara nawa muna koya musu su kashe." Ɗaki ya yi tsit. Ban yi masa musu ba. Mun yi shekaru inda haske a kan hanya ya ke nuna wa mutanen daji inda ka ke, tsakanin Kamuku da Kuyambana kuwa ba a rasa ido. 'Yan'uwanmu na Randagi da Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa sun fi mu na cikin gari sanin abin da tsohon nan ya ke nufi, haka duk wanda ya bi hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku a shekarun nan da zuciyarsa a hannu. Wanda ya koyi tafiya cikin duhu domin ya tsira da ransa, ba za ka ce masa wawa ba.

Abin da na ce masa shi ne, Baba, hanya biyu ce mu ke haɗawa. Hanyar daji da dare, ba fitilar da za ta sa ta yi lafiya, rashin fitila ma ba zai sa ba. Inda dare ya same ka nan za ka kwana, masu bisharanmu ma mun roƙe su su tsaya a kan wannan ko da an ce hanya ta yi sauƙi. Amma daga majami'a zuwa gida, daga kasuwa zuwa unguwa, abin da ke jiran yaro a nan babur ne, da babbar mota, da kwata, da akuya a kwance a tsakiyar hanya. A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan aka sāke buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe, manyan motoci suka dawo suna lodin dabbobi da hatsi. Mun gode wa Allah, muna roƙo ya sa abin ya ɗore. Amma direban da ke can sama cikin hazo ba ya ganin baƙin keke, in ma ya gani ba ya iya tsayawa cikin taki goma. Har ila yau, a gari irin namu, wanda ya taho shiru cikin duhu shi ne masu sintiri su ke zargi. Mai fitila ya riga ya yi sallama tun daga nesa. Wanda kuma hankalinsa bai kwanta ba, ai ɗage dainamo daga taya aikin daƙiƙa ɗaya ne, in fitilarsa mai ma'ajin wuta ce ya zaɓi wadda ke da makunni. Tsohon ya girgiza kai ya ce zai yi tunani. Mako na biyu sai ga jikansa ya turo keke.

Gama dattawa sun ba ni izini, kowace Asabar bayan sharar majami'a muna zama a gindin mangwaron makaranta muna gyara. Ba a biyan kome, mai keke dai ya zo da waya kamar taki huɗu, da ƙwai in ya samu. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun fara kawo nasu, wani tela a cikinsu ya kawo mana ƙyallayen farin yadi muna ɗaura wa yara a kariya, domin keken da ba shi da dainamo ko kaɗan kada ya tafi baƙi ƙirin. Wanda jan madubin bayansa ya fashe ko ya faɗi, shi ma muna sa masa. Ekklesiyar da ke da malami ko saurayi mai riƙe sifana tana iya yin haka a harabarta.

Ku iyaye mata na Zumunta, ku ne a bakin ƙofa sa'ad da yaro zai fita. Kada ku tambaye shi ko fitila tana aiki, zai ce i. Ku sa ya ɗaga ƙafar da dainamo ya ke ya juya a gabanku, ku kuwa ku zaga ta baya ku ga ja da idonku. A wurin gyaranmu na Asabar, yaron nan ne ke yin wannan aiki yanzu. Da hagu ya ke juya tayar, ya leƙa baya, in ja ba ta kama ba ya ce a sāke kwancewa, ko keken fasto ne.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, sai mu koma rumbu.